Jini ya yi ƙasa amma likita ya hana allurar EPO, ina dalili?

Maman Affan
Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da war haka. Ina neman ƙarin haske daga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. Ƙanena ne ba lafiya, shekararsa 23, tun bayan ƙaramar sallah muke jigila da shi. Da fari an yi ta maganin maleriya da taifod, sai dasashinsa ya fara zubar da jini, ga wasu jajayen ɗige-ɗige a ƙafa. Daga baya aka ɗebi ɓargonsa ta ƙashin ƙugu, aka ce ɓargon ne ya bushe ya daina yin jini, wai afilastik animiya. PCV ɗinsa, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jininsa, 17 ne. An aika jininsa Legas an yi wani gwaji mai suna EPO, ya dawo 1,240, alhali a gefen takardar an rubuta na mai lafiya 4 zuwa 26 ne.

Ga inda kaina ya ɗaure. Maƙwabcinmu da ake wa wankin ƙoda duk mako ana yi masa allurar EPO, kuma jininsa ya hau, da idonmu muka gani. Na roƙi likita ya rubuta mana ita ko nawa ce, ya ce ba za ta yi aiki ba, asarar kuɗi ce kawai. Allurar ƙara jini ce, yaro ba shi da jini, to me ya hana?

Ummu Salma
Allah sarki. Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ce. A dage masa da zoɓo da ganyen ugu, da maltina a haɗa da madara, suna ƙara jini sosai.

Baffa Kemis
Wa alaikumus salam. Hajiya, da ni ne gwadawa zan yi. Ina sayar da allurar nan mai raka'a 4,000, kuma ban ga wanda ta cutar ba. Likitocinmu wani lokaci suna manne wa littafi fiye da kima. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Sista ta Wankin Ƙoda
Baffa, da girmanka, amma maganar ba ta cutar da kowa ba haka take ba. Mu da muke yin ta kullum sai mun auna hawan jini kafin mu soka, domin tana tayar da shi, kuma idan aka matsa tana jawo daskarewar jini a jijiya har da shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa ba ma barin himogulobin ɗin mai ciwon ƙoda, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ya haura 11.5 da ita. Sannan maƙwabcin Maman Affan ƙodarsa ce ta lalace, ɓargonsa lafiya lau. Ciwonsu ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

Likitan Jini
Yaya Maman Affan, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Amsar tambayarki tana cikin takardar da ke hannunki, bari mu karanta ta tare.

EPO sinadari ne da jikin kowa yake yi, cikin waɗanda ake kira homon. Kusan kashi 90 cikin ɗari daga ƙoda yake fitowa, saura daga hanta. A cikin ƙoda akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu auna iskar oksijin da jini ya kawo. In ta yi kaɗan sai su saki EPO, ya bi jini ya isa ɓargo, ya tarar da ƙananan jajayen ƙwayoyin jini da ba su gama nuna ba, ya hana su mutuwa har su girma su fito. Jini ya cika, ƙoda ta sassauta. Ɓargo mai lafiya yana fitar da jajayen ƙwayoyi sama da miliyan biyu a kowace daƙiƙa, kowace kuma ta yi kwana 120 kafin saifa ta ɗauke ta. Gano yadda jiki ke jin ƙarancin iskar nan shi ya ba Kaelin da Ratcliffe da Semenza kyautar Nobel a 2019.

Saboda haka lambar EPO ba a karanta ta ita kaɗai, sai an ajiye ta kusa da PCV. Maƙwabcinku jininsa ya yi ƙasa, amma da za a auna EPO ɗinsa wataƙila a sami 10 ko 15. A takarda wannan "daidai" ne, a zahiri kuwa ya yi kaɗan matuƙa, domin ƙoda mai lafiya da ta ga jini ya faɗi haka da ta ninka shi sau da yawa. Shi allura take cike masa giɓi. Ƙanenki kuwa ƙodarsa ta riga ta zuba EPO kusan ninki hamsin na mai lafiya, dare da rana, kyauta, kuma jini bai motsa ba. Taki ya yi yawa a gonar, iri ne babu. Ƙara buhu ɗaya ba zai tsirar da komai ba.

A mafi yawan masu wannan cuta, garkuwar jikin mutum ce take juyawa ta far wa uwayen ƙwayoyin da ke cikin ɓargo, waɗanda daga su jajaye da farare da masu daskarar da jini suke fitowa. Shi ya sa duka ukun suke faɗuwa tare. Jinin dasashin nan da ɗige-ɗigen ƙafa daga ƙarancin masu daskarar da jini ne, kuma EPO ba ruwansa da su sam.

Ɗan Lab
Dakta ya gama magana, amma bari in ƙara wani abu da zai ba ku mamaki. Allurar da Baffa ke sayarwa, asalinta daga masu irin ciwon ƙanen Maman Affan aka samo ta. Tun 1906 wasu Faransawa biyu, Carnot da Deflandre, suka ce lallai akwai wani abu a jini da ke umartar ɓargo, amma aka shekara saba'in ba a iya tace shi ba don a jikin mai lafiya ɗan mitsitsi ne. Sai wani likitan Japan, Takaji Miyake, ya tara fitsarin masu afilastik animiya har lita 2,550, ya tace ya kai wa Eugene Goldwasser a Jami'ar Chicago. A 1977 suka fitar da tsantsar EPO, 'yan miligiram kaɗan. Da wannan aka gano ƙwayar gadonsa, kamfanin Amgen ya fara ƙera shi, Amurka ta amince da shi a 1989. Me ya sa fitsarin waɗannan marasa lafiya aka nema ba na kowa ba? Domin EPO ya yi musu yawa har yana zuba ta fitsari. To wanda abin ke zuba daga jikinsa shi za a saya wa?

Baffa Kemis
Tarihi ya yi daɗi, amma ni ban ga inda aka gwada aka ce bai yi ba.

Likitan Jini
An gwada, Baffa, tun shekarun 1990, shi kaɗai da kuma haɗe da allurar G-CSF mai ƙara fararen ƙwayoyi. Bai tayar da ɓargon ba. Shi ya sa ƙa'idojin kula da cutar suka ce kada a yi amfani da shi.

Ɗalibin Likita
Ranka ya daɗe Dakta, ina da ja, a yi mini afuwa. Idan hujjar ita ce homon ya riga ya yi yawa don haka ƙari ba shi da amfani, to yaya za mu yi da eltrombopag, maganin da ke kwaikwayon homon TPO? TPO, wato homon ɗin da ke sa a yi ƙwayoyin daskarar da jini, shi ma a masu afilastik yana hawa ninki goma ko fiye. Da wannan hujjar da an ce maganin da ke kwaikwayon TPO ba zai yi komai ba. Amma a 2012 rukunin Neal Young a cibiyar NIH ta Amurka suka ba mutum 25 da sauran magunguna suka gaza a kansu, 11 suka amsa, wasunsu ma har jajaye da farare suka hau, ba masu daskarar da jini kaɗai ba. A 2014 aka amince da shi. Ashe ke nan yawan homon ba ya nufin ƙofa ta rufe.

Baffa Kemis
Yauwa ɗan albarka! Abin da nake nufi ke nan, bakina ne bai iya faɗa ba.

Likitan Jini
Baffa kada ka yi saurin murna, yaron bai ce a yi allurarka ba. Amma tambayarsa tana da nauyi, kuma gaskiya ne manyan masana da yawa sun yi tsammanin eltrombopag ba zai yi aiki ba saboda wannan dalilin da ya kawo.

Bambancin yana wuri biyu. Na farko, wa kowannensu yake yi wa magana. EPO yana aiki ne a kan ƙwayoyin da suka riga suka kama hanyar zama jajaye, su kuwa a wannan cuta babu su. TPO kuwa makamarsa, wato gurbin da yake kamawa ya isar da saƙo, wadda ake kira MPL, tana jikin uwayen ƙwayoyin kansu, 'yan kaɗan ɗin da suka tsira. Wato ɗaya yana neman waɗanda ba a haifa ba, ɗaya yana tattalin masu haihuwar. Hujjar wannan tana cikin wata cuta ta jarirai da ba kasafai ake gani ba, inda ake haifar yaro da MPL a lalace. Yana farawa da ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini, TPO ɗinsa ya yi sama sosai, cikin 'yan shekaru kuma ɓargon gaba ɗaya ya bushe. Da TPO na masu daskarar da jini ne kaɗai da hakan bai faru ba.

Na biyu, eltrombopag ba TPO ba ne, ƙaramin sinadari ne da ke kama MPL a wani gurbi daban, can cikin fatar ƙwayar. Akwai binciken da ya nuna cewa intaferon gama, wanda garkuwar jiki ke zubawa a cikin ɓargon mai wannan cuta, yana manne wa TPO ya hana shi kama makamarsa da kyau, shi kuwa eltrombopag yana zagayewa. Wannan bayani ne mai ƙarfi, ko da yake ba kowa ya yarda shi ne dukan labarin ba.

Darasin da na yarda ka ɗauka shi ne lamba ba ta yanke hukunci ita kaɗai, gwaji a kan marasa lafiya ke yankewa. An gwada eltrombopag ya ci, an gwada EPO ya faɗi.

Ɗalibin Likita
Na gamsu da rabi, ranka ya daɗe. Rabin da ya rage shi ne in haka ne, me ya sa aka sa su kashe kuɗin gwajin EPO tun farko?

Ɗan Lab
Kai yaro kana so ka hana mu cin abinci. Amma gaskiya a afilastik ba a buƙatarsa don tabbatar da cuta, ɓargon da aka duba shi ne hujja. Wataƙila an aika ne kafin sakamakon ɓargo ya fito, lokacin ana zargin wani abu daban.

Shi TPO kuwa tsarinsa ya bambanta da na EPO, kuma abin sha'awa ne. Hanta ce ke yin sa, kusan adadi ɗaya kullum, ba ta auna komai. Ƙwayoyin daskarar da jini da manyan ƙwayoyin ɓargo da ke haifar su su ne ke tsotse shi daga jini. In suna da yawa TPO ya ragu, in babu su ya taru. Saboda haka mutum biyu za su zo da adadi ɗaya na ƙwayoyin daskarar da jini, a ce 10,000, ɗaya mai afilastik, ɗaya mai ITP wanda garkuwar jikinsa ke cinye ƙwayoyin bayan an yi su. Na farko TPO ɗinsa yana sama ƙwarai. Na biyu kusan daidai yake ko ya ɗan hau, domin ɓargonsa cike yake da masu tsotsewa. Sai dai gwajin nan galibi na masu bincike ne, ba abin da za ka shiga lab ɗin unguwa ka nema ba.

Maman Affan
Na gode ƙwarai, yanzu na fahimta, har na ji kunyar yadda na matsa wa likitan. To mene ne maganin? Mu dai ƙarin jini kawai ake ta yi. Yayyensa maza biyu sun shirya su ba shi nasu gobe.

Likitan Jini
Yaya, don Allah ki tsayar da su, ki fara magana da likitansa kafin goben. Wannan ya fi duk abin da muka tattauna muhimmanci. Ga mai shekara 23, maganin da ya fi warkarwa shi ne dashen ɓargo daga ɗan'uwa shaƙiƙi wanda nasu ya dace, kuma kowane shaƙiƙi yana da damar dacewa ɗaya cikin huɗu. Idan aka ƙara masa jinin 'yan'uwansa yanzu, jikinsa zai iya sanin su ya haɗa musu garkuwa, ranar da aka dasa masa ɓargonsu ya ƙi karɓa. Na san tsarin asibitocinmu shi ne kawo mai bayarwa daga gida. To su bayar a ajiye a bankin jini a madadi, shi a ƙara masa na bare. An fara dashen ɓargo a Najeriya tun 2011 a asibitin koyarwa na Benin, a kan mai sikila, amma har yanzu wurare kaɗan ne kuma da tsada, da yawa Indiya ko Masar suke tafiya.

Idan ba a sami wanda ya dace ba, sai maganin danne garkuwar jiki: allurar ATG, wadda ake samowa daga jinin dabba, tare da cyclosporine, yanzu kuma ana ƙara eltrombopag a kai. ATG ɗin ma iri biyu ne, na doki da na zomo. A gwajin da aka buga a 2011, kashi 68 cikin ɗari suka amsa na doki a wata shida, na zomo kashi 37. Wanda zai saya daga waje ya san wanne yake saye.

Sai abu biyu ƙanana. Ummu Salma, zoɓo da ugu abinci ne, ya sha, amma kada a ba shi maganin ƙarin jini na kwalba mai sinadarin ƙarfe. Kowace leda ta jini da aka ƙara masa tana ɗauke da ƙarfe miligiram 200 zuwa 250, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da shi, taruwa yake a hanta da zuciya. Sannan ki tuna ko ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna kuloramfenikol lokacin da ake maganin taifod ɗin nan, ki gaya wa likita. Sananne ne wajen busar da ɓargo a wasu mutane ƙalilan, kuma har yanzu ana sayar da shi ba takarda.

Baffa Kemis
Ni dai ba na bayar da shi sai da takardar likita, kada a kalle ni.

Sista ta Wankin Ƙoda
Ba wanda ya ambaci sunanka, Baffa. Maman Affan, in an kai ga eltrombopag, ba a haɗa shi da nono ko madara ko maganin gyambon ciki, suna riƙe shi a hanji. A sha shi awa biyu kafin su ko awa huɗu bayansu. Mai son fura da nono sai ya tsara lokacinsa.

Kawu Direba
Salamu alaikum. Ina ta karatu shiru, sai na ga nawa kishiyar na yaron nan ne. Shekarata 58. Ciwon kai ya dame ni, ido ya yi ja, in na yi wanka jikina ya kama ƙaiƙayi kamar zan yage fata. PCV 61. Nawa EPO ɗin 1.8 ya nuna. Da na ga ya gaza abin da aka rubuta a gefe sai na ce to ni ne mai buƙatar allurar, likita ya yi dariya ya ce jini ma za a riƙa ɗiba a zubar. Ni da nake da ƙarancin abin, me ya sa jinina ya fi na kowa?

Likitan Jini
Kawu, sannu. Kai ma a ajiye lambar kusa da PCV. Jininka ya yi yawa, ƙoda ta gani ta kashe EPO kusan gaba ɗaya, wato tana aikinta daidai. Amma ɓargon bai tsaya ba, domin ya daina jiran umarni. Wannan shi ne hoton cutar yawan jini da ake kira PV, wadda Vaquez ya fara bayyanawa a Faransa a 1892. A 2005 aka gano musabbabinta: canji a ƙwayar gado mai suna JAK2, wadda ita ce ke isar da saƙon EPO cikin ƙwaya. Canjin yana barin ta a kunne ko saƙo bai zo ba. Kusan kashi 95 cikin ɗari na masu PV suna da nau'in da ake kira V617F. Ba gadonsa ake yi daga iyaye ba, a cikin ɓargo yake faruwa da girma.

A nan ne gwajin EPO ya fi cin kuɗinsa. Jini da yawa da EPO ƙasa, ɓargo ake zargi. Jini da yawa da EPO sama, sai a nemi abin da ke tunzura ƙoda: ciwon huhu, ciwon zuciya na haihuwa, taba da shisha, minsharin da ke yanke numfashi cikin barci, ko ƙari da ke yin EPO da kansa, kamar kansar ƙoda ko ta hanta. Ta hantar nan kada a raina ta a wurinmu, ganin yawan masu ciwon hanta nau'in B. Amma wasu masu PV EPO ɗinsu yana fitowa daidai, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a ƙaramar hujja, JAK2 da duba ɓargo su ne manya. Ka yi gwajin JAK2?

Kawu Direba
An rubuta, kuɗin ne bai haɗu ba. To Dakta tunda jinin zubarwa ake yi, ba sai in ba yaron nan ba? Kuma maimakon asibiti, ba zan iya zuwa wurin wanzami ya yi mini ƙaho ba?

Likitan Jini
Allah ya saka da alheri Kawu, amma bankin jini ba ya karɓar jinin mai PV don ƙara wa wani, tunda cutar ɓargo ce. Ƙaho kuwa ba na hana ka tunda sunna ne, amma ba zai maye gurbin ɗibar asibiti ba. A asibiti ana cire kusan mililita 450 a zama ɗaya daga jijiya, a auna, a sake, har PCV ya sauka ƙasa da 45. Wannan lamba ba ta ka ba ce, wani gwaji da aka yi a Italiya aka buga a 2013 ya nuna waɗanda aka riƙe ƙasa da 45 sun fi tsira daga daskarewar jini da mutuwar zuciya nesa ba kusa ba, a kan waɗanda aka bari tsakanin 45 da 50. Ƙaho ba ya fitar da adadin nan, kuma ba a san nawa ya fita ba. Ga ka direba, zaman mota mai tsawo da ƙishirwa da PCV 61 haɗari ne. Ka riƙa tsayawa kana taka ƙasa, ka sha ruwa, ka kuma tambayi likitanka batun ƙaramin asfirin.

Ɗalibin Likita
Akwai masu yawan jini da ƙarancin EPO amma ba PV ce ke damun su ba, ko da yake ƙalilan ne. Eero Mäntyranta, ɗan Finlan mai tseren kan ƙanƙara, ya ci lambobin Olamfik bakwai tsakanin 1960 da 1968 da himogulobin sama da 20. A 1993 aka gano danginsa suna gadon wani canji a makamar EPO da ke sa ta ji ɗan kaɗan kamar mai yawa. Akasinsa kuma yana yankin Chuvashiya a Rasha, bakin kogin Volga, inda ake gadon canji a ƙwayar gado mai suna VHL. Jikinsu yana ɗauka kullum iska ta yi kaɗan, sai EPO ya ƙi sauka duk da jini ya cika.

Ɗan Lab
Ka ci jarrabawa, zauna. Kawu dai ba ɗan Finlan ba ne, ya nemi kuɗin JAK2.

Auta
Ku yi haƙuri in dawo da ku baya. Mahaifinmu shekararsa 71, shi ma ciwon ɓargo aka ce, wani iri mai suna MDS. Shi kuwa likitar jini da kanta ta rubuta masa allurar EPO, kuma ya kwana biyu ba a ƙara masa jini ba. Nasa gwajin 140 ne, ya fi na mai lafiya. To ya aka yi shi aka ba shi?

Baffa Kemis
Alhamdu lillahi, ga shaida ta zo da ƙafarta.

Likitan Jini
Shaidar tawa ce Baffa, ba taka ba, domin sai da aka auna kafin a rubuta. A MDS ɓargo ba fanko yake ba, galibi cike yake, sai dai ƙwayoyin suna fitowa a gurguje suna mutuwa tun a ciki. Akwai waɗanda EPO zai ceta. Kuma 140 ga mai jini ƙasa sosai bai kai abin da ya kamata ƙoda ta yi ba, balle ƙodar dattijo. Masu bincike a ƙasashen arewacin Turai, ƙarƙashin Eva Hellström-Lindberg, suka fitar da ma'aunin da ake bi har yau: wanda EPO ɗinsa bai kai 500 ba, kuma ba ya buƙatar leda biyu ta jini a wata, shi ya fi amsawa. Ƙasa da 200 ya fi kyau. Sama da 500 ga yawan ƙarin jini, da wuya ta yi wani abu. Auta, ku sani dai amsawar ba ta dawwama, takan yi shekara ɗaya ko biyu ta ja baya. In an ga haka ba ƙara yawan allura ake yi ido rufe ba, komawa ake a sake duba ɓargon.

Ɗan Lab
Tunda mutane za su fara neman gwajin, a kula da lokacin ɗiba. A ɗebi jinin kafin ƙarin jini, ba bayansa ba, domin sabon jini yana sa ƙoda ta sassauta lambar ta faɗo. Mai jini da yawa kuma kafin a fara zubarwa, in ba haka ba ta hau ta ɓoye PV. Da safe ya fi, don yana ɗan sauyawa cikin yini. Kowane lab da iyakarsa, wani 4 zuwa 26, wani ƙasa da haka, kada a gwama takardar wuri biyu. Kuma a haɗa da gwajin ƙoda, in ba haka ba ba za a san ko ƙarancin daga ita ba ne.

Ummu Salma
Ni 'yata mai sikila ce, bara jininta ya faɗi warwas cikin kwana kaɗan aka ce ɓargo ya tsaya. Ita ma wannan cutar ce?

Likitan Jini
A'a Hajiya, kwantar da hankalinki. Wannan galibi ƙwayar cuta ce mai suna parvovirus B19, tana kashe ƙananan jajayen ƙwayoyi na kamar mako ɗaya zuwa kwana goma. Mai lafiya ba ya ko ji, amma mai sikila da ƙwayoyinsa ba sa wuce kwana 10 zuwa 20 nan da nan yake faɗuwa. EPO ɗinta a lokacin yana sama, allura ba ta da gurbi, ƙarin jini ne ke riƙe ta har ɓargo ya farfaɗo da kansa. Kuma yawanci sau ɗaya ake yi.

Sista ta Wankin Ƙoda
Baffa, tambaya tsakani da Allah: a ina kake ajiye allurar? Tsakanin digiri 2 da 8 take so, ba a daskarar da ita, ba a girgiza ta. Wajen 1998 zuwa 2004 an sami masu ciwon ƙoda a Turai da wasu ƙasashe da jikinsu ya haɗa garkuwa a kan wani samfurin EPO da ake yi ƙarƙashin fata. Garkuwar ta kashe na allura ta haɗa da na jikinsu, ɓargo ya daina yin jajaye ɗungurungum. An danganta abin da sauyin haɗin maganin da kuma yadda ake adana shi. Da wutarmu ta nan, ni abin yana damuna.

Baffa Kemis
Firjin sola gare ni Sista, har da ma'aunin sanyi a ciki, ki zo ki duba. Wanda ya saya kuma a kula da ƙanƙara nake ba shi.

Sista ta Wankin Ƙoda
To madalla. Ka riƙa naɗe ta da tsumma kada ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye, kuma ka gaya musu kada su sa ta a but ɗin mota.